Yadda Katin Sauti Mai Araha Ya Tsayar da Baba a Garki

Wasu shekaru can baya, lokacin muna zaune a wani ɗan gidan ma'aikata mai ɗaki biyu a Area 3, cikin Garki, mahaifina ya zo ya zauna tare da mu. Ciwon suga ne ya taɓa masa idanu. Na hagu ya riga ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma sai dishi-dishi, yana bambance haske da duhu, yana ganin inuwar mutum in ya gifta, shi ke nan. Likitan ido ya ce akwai allurar da za a riƙa yi masa duk wata. Ba za ta dawo da abin da ya tafi ba, amma tana iya riƙe ɗan abin da ya rage, muddin ba a tsallake ba. A garinmu babu inda ake yin ta. Da ƙyar muka lallashe shi ya taho Abuja.

Baba tsohon hedimasta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya sha shayin safe babu jarida a gefen kofi ba. Ya yi shekara da shekaru yana bin rubutun mutane da jan biro, har wasiƙun da nake aika masa daga makaranta yakan ajiye mini su a gyare. Sai ga shi a falonmu, ni na tafi ma'aikatar da nake aiki, matata ta tafi asibitin da take aikin jinya, an bar shi daga shi sai rediyo. In na dawo da yamma nakan karanta masa kanun labarai a tsaitsaye, ina yi ina danne hamma. Shi kuwa kunnensa ras yake. Da ya ji muryata ta fara ja sai ya ce, "Ya isa haka, je ka huta."

Cikin wata uku maganarsa ta ragu ƙwarai. Wata ranar Laraba, mun dawo daga sallar la'asar ina riƙe da hannunsa, muna hawa matattakala sai ya ce, "Na kira ƙaninka. Zai zo da mota ranar Lahadi ya mayar da ni gida."

Na tsaya cak. Na ce, "Baba, allurar fa? Saura kwana goma a yi muku ta huɗu."

Ya ce, "Idon da ba ya karatu, tattalin me ake yi masa? A gida na san inda ƙofata take, na san masu zuwa gaishe ni. A nan kuwa na zama ɗaya daga cikin kujerun falonku. Ba laifinku ba ne, aiki kuke yi."

Ban san lokacin da bakina ya riga hankalina ba. Na ce, "Baba, kwamfutar nan ta falo za ta iya karanta muku jarida. Da kanku za ku riƙa zaɓar abin da kuke so, ba sai kun jira kowa ba."

Muka ƙarasa hawa har bakin ƙofa. Sannan ya ce, "To. In ta karanta kafin Lahadi, mu gani. In ba ta karanta ba, kada ka ƙara yi mini maganar zama."

Ba ƙarya na yi masa ba. A ofishinmu akwai wani ma'aikaci marar gani da ke aiki da wata manhaja mai karanta duk abin da ke kan allo da murya. Abin da na manta, kuma sai da na cire takalmi na tuna, shi ne kwamfutarmu kurma ce kuma bebiya. Tsohuwa ce, irin mai babban akwatin nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, na saye ta a gwanjo. Tun wata damina da aka dawo da wuta da ƙarfi sautinta ya mutu, ni kuma da yake rubutu kawai nake yi da ita, ban taɓa damuwa ba.

Washegari na sami wata abokiyar aikina a sashen kwamfuta, 'yar Filato ce, mace mai fara'a da faɗar gaskiya ba kwana-kwana. Ta zuba mini manhajar a filashi, sannan na faɗa mata matsalar sauti. Ta ce, "Oga, wannan ba wahala. Ka sayi katin sauti, ka saka a ciki. Amma don Allah ka sayi mai kyau, kar ka je ka ɗauko wanda ba shi da uwa ba shi da uba." Na ce mata to.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga wata faleza a Wuse inda ake sayar da kayan kwamfuta. Mai shagon ya ɗora mini biyu a kan kanta. Ɗaya cikin ɗan kwali marar ado, da tsada. Ɗayan kuwa kwalinsa sai ƙyalli yake, da hoton manyan lasifiku suna feshin wuta, kuma kuɗinsa bai kai rabin na farkon ba. Na ce a raina, murya kawai nake so ta fito, ba gidan biki zan buɗe ba. Mai shagon ya ƙara mini ƙarfin gwiwa: "Alaji, wannan ka saka kawai, zai yi magana da kansa." Na ɗauki wanda ba shi da uwa ba shi da uba, na taho gida ina jin kaina gwanin ciniki.

Da yammar nan na janyo akwatin tsakiyar falo, na kwance murfinsa. Ƙurar da na tarar a ciki ta isa a shuka gyaɗa. Baba yana zaune a kujerarsa, ya ji ƙarar sukudireba sai ya ce, "Miƙo mini abin in gani." Haka yake cewa har yau, in gani. Na sa masa katin a hannu. Ya bi shi da yatsa a hankali, ya shafa haƙoran da ke shiga cikin kwamfuta, ya zo kan ƙarfen gefe ya ƙirga ramukan da ake soka waya. "Huɗu," in ji shi. "A ina zai zauna?" Na kama hannunsa na kai bayan akwatin, can ƙasa, na nuna masa gurbin. Ya gyaɗa kai ya koma kujerarsa.

Katin ya shiga ba gardama. Na soka wayar lasifika, na kunna. Shiru. Kwamfutar ta nuna ta ga baƙon abu amma ba ta san ko mene ne ba, ta maƙala masa wata 'yar alama mai ruwan ɗorawa, irin ta gargaɗi.

Na ce, "Sai an saka masa direba."

Baba ya ɗago. "Direba kuma? Ina za ta je?"

Na yi masa bayani cewa wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ke shiga tsakanin kwamfuta da duk wani sabon abu da aka saka mata, don su fahimci juna. Ya ce, "To ai wannan tafinta ne. Wa ya raɗa masa direba?" Rabon da in ji ya gyara wa wani magana, har na manta.

A cikin kwalin akwai ɗan ƙaramin faifai. Wurin saka faifan na kwamfutar ya ƙi buɗewa, sai da na miƙe allurar maƙala takardu na zura a wani ɗan rami kafin ya turo harshe kamar mai jin kunya. Faifan ya yi ta kuka a ciki, daga baya ya buɗe. Jaka goma sha wani abu ce a ciki, kowace da sunan da ba a iya furtawa, babu wadda ta yi daidai da sunan da ke jikin kwali. Na fara daga ta farko. Ta ce ba a yi ta don irin tsarin kwamfutata ba. Ta biyu ta ce ba ta ga katin ba. Ta uku ta shiga lafiya lau, ta ce in sake kunna kwamfuta. Na sake kunnawa, allon ya koma shuɗi fes da fararen rubutu, ta mutu, ta tashi, ta sake komawa shuɗi. Ana kiran magariba na kashe ta daga bango.

Matata ta leƙo daga kicin ta ce, "Injiniya, ya aiki?"

Asabar da safe na samu na lallaɓa ta ta tashi, na cire abin da na saka jiya. Daga nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Na shiga intanet na rubuta sunan da ke jikin kwalin, sai ga wani shafi da ƙaton koren maɓalli yana cewa zai nemo mini duk direbobin da nake buƙata a dannawa ɗaya. Ni da nake yi wa ƙananan ma'aikata faɗa a ofis kan danna abin da ba su sani ba, na danna. Abin ya shiga, ya sanar da ni wai kwamfutata tana da matsaloli masu ɗimbin yawa, ya cika mini allo da tallan maganin ƙiba da na cacar ƙwallo. Katin kuwa yana nan da alamarsa mai ruwan ɗorawa. Ina cikin kokawar korar tallan aka ɗauke wuta.

A wannan zaman jiran ne na ji Baba daga ɗakinsa yana cewa matata, "Ɗiyata, in kin samu sarari ki ninke mini kayan nan ki sa a jaka. Ki bar mini farar rigar a sama, ita zan sa gobe." Ta ce, "To, Baba," da wata irin murya. Ta fito ta tsaya a kaina. Ita ta fi ni sanin abin da tsallake allurar nan yake nufi, ta sha ganin irinsa a wurin aiki. Can ta ce a hankali, "Ka kira matar nan ta ofishinku mana. Girman kan na mene ne?"

Gaskiya ta faɗa. Abin da ya hana ni kira shi ne kada a tambaye ni wane iri na saya.

Na kira abokiyar aikin nawa, ita ce kuwa tambayarta ta farko. Na faɗa mata sunan. Ta yi dariya har da tari. "Oga, wannan suna ba kowa ya san shi, ko mutanen da suka buga kwalin. Manta da kwali. Cire katin, ka duba baƙin abu mai kusurwa huɗu a tsakiya, ka karanta mini lamba da ke kansa."

Na zare duk wayoyin bayan akwatin, na ciro katin, na kai shi bakin taga. Akwai 'yar takarda mai ƙyalli manne a kan baƙin abin, ɗauke da sunan nan na kwali. Ta ce in ɓare ta. Na sa farce na ɓare. A ƙarƙashi ga wata lamba dabam, ta wani kamfani dabam, an rubuta ta da ƙananan haruffan da sai da na haska fitilar waya. Na karanta mata.

"Yauwa! Wannan tsohon abu ne, na san shi. Ba shi da laifi, kaya kawai suka canza masa. Ba ni minti goma."

Ta turo mini direban ta waya, da jerin abin da zan yi bi da bi. In mayar da katin. In cire duk tarkacen da na saka, har da mai tallan maganin ƙiba, wanda ta sa na yi mata alkawarin ba za ta ji labarinsa a bakin kowa ba, ita ma ba za ta faɗa ba. In shiga shafin saitin da ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi, in kashe tsohon sautin da ya mutu, don kada su riƙa rigima da sabon. Sannan kada in bar kwamfutar ta zaɓi direba da kanta, in kama hannunta in nuna mata jakar da yake ciki.

Wuta ba ta dawo ba sai bayan azahar. Na mayar da komai, na bi jerin nan kamar mai bin takardar likita. Shiga shafin saitin kaɗai sai da na yi gwaji biyar, kullum ina makara wajen danna maɓallin. Da na zo kan direban, kwamfutar ta yi gargaɗin ba ta san wanda ya yi shi ba, ko in ci gaba? Na yi bisimilla na ce ta ci gaba. Layin ya cika a hankali. Allon bai yi shuɗi ba. Na duba, alamar nan mai ruwan ɗorawa ta ɓace, ga sunan katin na gaskiya ya fito.

Na ce, "Baba, ku zo! Ya yi!"

Matata ta kamo hannunsa ta zaunar da shi kusa da tebur. Na saka manhajar karatun, na buɗe shafin jarida, na danna. A gefen allo ga wani ɗan koren layi yana hawa yana sauka, alamar ana magana. Amma falon tsit. Na ƙara sauti. Shiru. Na murɗa na jikin lasifikar har ƙarshe. Shiru. Na duba ko a kunne take, ga 'yar fitilarta tana ci. Na sake kiran abokiyar aikina, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, ashe ta shiga coci wajen koyon waƙa.

Zufa ta karyo mini. Na cire direban na sake sakawa. Na kashe na kunna. Koren layin yana ta rawarsa, babu ko ƙis. Na zauna a ƙasa na jingina da bango, na ce, "Baba, ku yi haƙuri. Kwamfutar ta ce tana magana, ni dai ban san inda maganar take zuwa ba."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Sannan ya ce, "Juyo mini bayanta."

Na juyo akwatin don kada in yi masa musu, ba don ina sa ran komai ba. Ya sauko daga kujera ya durƙusa, matata tana cewa "Baba, a hankali." Ya laluba tebur ya sami lasifikar, ya kama wayarta, ya bi ta da yatsu biyu tun daga sama har inda ta shiga jikin akwatin. Ya tsaya. Ya sa ɗaya hannun ya gangara ƙasa, ya shafa.

"Kai," ya ce, "abin da ka ba ni jiya mai rami huɗu, ba a nan ƙasa ka ce zai zauna ba?"

"Nan ne, Baba."

"To ga ramukansa huɗu duk a buɗe. Ita wannan wayar me take yi a sama?"

Lokacin da na mayar da wayoyi bayan na ɓare takardar nan, hannuna ya kai wayar lasifika tsohon ramin da ya saba, na sautin da ya mutu, wanda ni da kaina na shiga saiti na ƙarasa kashe shi. Fiye da awa guda ina faɗa da direban da ba shi da laifin komai.

Kafin in ce uffan, Baba ya zare wayar ya soka a ramin farko na ƙasa. Shiru. Ya matsa na biyu. Ku tuna na ƙure sautin ta kowane ɓangare. Wata murya ta Bature ta fashe a falon kamar an saka lasifikar masallacin Juma'a a cikin kunnenmu, tana karanta labarin kasafin kuɗi. Matata ta yi salati ta dafe ƙirji, ni na yi tsalle na buge kai da tebur, maƙwabcinmu na sama ya buga ƙasa da ƙafa. Baba kuwa ya zauna daɓas a kan tabarma yana dariya, irin dariyar da ke sa mutum riƙe ciki, hawaye na zubo masa. Tun da ya zo Abuja ban ji ta ba.

Da muka rage sautin, ya koma kujera ya saurara. Muryar ta zo kan sunan wani gari na Arewa ta murɗe shi ta yadda ko 'yan garin ba za su gane ba. Baba ya ce, "Wannan yaron bai yi makaranta mai kyau ba." Ya sa na nuna masa maɓallin tsayarwa, da na komawa baya, da na tsallakewa zuwa labari na gaba. Da ya ɗora yatsunsa a kan madannai sai na ga sun zauna daram, ashe shekarun da ya yi yana buga takardun jarrabawa da tafireta ba su bar hannunsa ba.

Mun kai la'asar a haka. Da muka tashi yin alwala, ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kira ƙaninka. Ka ce masa ya bar man motarsa tukuna."

Na shiga banɗaki na rufe ƙofa, na daɗe a tsaye ina riƙe da buta. Matata kuma ta je ta zazzage jakar nan ta mayar da kayan cikin kwaba, ba ta jira an ce mata ba.

Ya zauna da mu har aka kammala alluran. Ɗan ganin da ya rage a idon dama yana nan har yau, Alhamdulillahi, yana iya zuwa masallacin unguwa shi kaɗai da rana. Katin nan kuwa da na raina, aka kuma raina mini, ya yi aiki har ranar da kwamfutar kanta ta gaji. Yana da wani ɗan tsaki da yake yi ƙasa-ƙasa in an motsa linzamin kwamfutar, amma Baba ya ce ba ya damunsa.

Da nake tuna abin yanzu, na gane cewa duk watannin nan uku muna yi masa komai. Mu ba shi magani, mu zuba masa abinci, mu riƙe masa hannu, mu ce "Baba, ku zauna, bari a kawo muku." Babu wanda ya taɓa tambayarsa ko da abu ɗaya, ko ya ce, Baba, ya kuke ganin za a yi? Mutumin da ya yi rayuwarsa ana zuwa wurinsa neman mafita. Ina zaton jaridar ta taimaka, amma ban tabbata ita ce ta tsayar da shi ba.

Yanzu yana gida, mu kuma mun bar Area 3. Duk lokacin da wani abu ya cije mini, famfo ne, janareta ne, ko wata takardar ofis da ta ƙi daidaituwa, kafin in nemi mai gyara shi nake fara kira. Sau da yawa bai san kan abin ba sam. Sai dai ya ce, "To, kwatanta mini daga farko, kada ka tsallake komai." Ina cikin kwatantawa, rabin lokaci sai in ji na yi shiru.

Shi kuma daga can sai ya ce, "Ka gano ko? To, sai anjima, ina da karatu."